Wace kalma za ta maye gurbin "bos" a rubutun Hausa?

Assalamu alaikum, malamai da marubuta. Duk wanda ya taɓa zama a kan benci a gidan kallo a Daura ko Katsina ya san "bos", wato wanda jarumi yake fafatawa da shi a ƙarshen fim. Kalmar ta bi bakin jama'a, amma ba ta dace da takardar jarrabawa ko sharhin adabi ba, domin asalinta shugaba ne a wurin aiki, kuma a labarai da yawa mai aikata sharrin ba shugaban kowa ba ne.

An kawo mana "azzalumi" da "macuci" da "maƙetaci". Azzalumi sai da iko a hannu, kamar Fir'auna a kan Bani Isra'ila, don haka ba za a kira yaron gida da ya haɗa baki da ɓarayi da wannan suna ba. Macuci yana neman riba ne ta hanyar ha'inci, shi kuwa maƙetaci yakan zuba ƙasa a garin wani ko da babu abin da zai samu. Kowace ta kama gefe ɗaya kawai. "Mai laifi" kuwa maganar kotu ce.

A ganina "mugu" ita ce ta tattara su duka, kuma tsohuwa ce a harshen, shi ya sa ake cewa mugu shi ya san makwantar mugu. Sai dai a yi hattara wajen haɗa ta da wata kalma: "mugun labari" na nufin labari mara daɗin ji, kuma da yake matasa na cewa abu ya yi "mugun kyau", "mugun tauraro" na iya zama yabo. A bar ta ita kaɗai, a ce "shi ne mugu a labarin".

Inda na fi so mu tsaya shi ne cewa ba duk wanda ya tare wa babban tauraro hanya ne mugu ba. A tarihin baka na Daura, macijin rijiyar Kusugu ya hana mutane ɗibar ruwa sai ranar Juma'a har Bayajidda ya kashe shi, amma labarin bai nuna mana wani makirci da ya ƙulla ba, gaba ce kawai ta haɗa su. Gizo kuma a tatsuniya yana cutar na kusa da shi, duk da haka shi ne babban tauraro. Saboda haka ina ba da shawarar a ware "magabci" ga wanda ke gaba da tauraro, ko da uba ne mai gaskiya da ya hana auren 'yarsa, a bar "mugu" ga mai baƙar aniya. Mace a ce muguwa ko magabciya, jam'i kuma miyagu da magabta.