Wa kuke saurara kafin ku ɗora wa yaro anime a waya?

Mai Cajin Dole:

Assalamu alaikum ƴan'uwa. Ina da ƴar rumfa kusa da Kasuwar Dole, ina cajin salula, ina kuma tura wa mutane finafinai a katin waya. Da can abin da ake nema bai wuce fim ɗin Kano da fassarar Indiya da wa'azi ba. Yanzu kuwa da yaran lise da na koleji sun shigo, anime suke tambaya, zanen nan na Japan mai motsi. Wannan ya ce Naruto, wancan ya ce One Piece, wani ma ya ce shi sai mai muryar Japananci da rubutun Faransanci a ƙasa, ba ya son wanda aka sauya wa murya.

Ni ba ni da lokacin kallon duka. Naruto kaɗai, in ka haɗa na farko mai kashi 220 da Shippuden mai kashi 500, kashi 720 ke nan, kowane kashi minti 23 ko kusa da haka. Ya haura awa 270. One Piece tun 1999 ake yin sa, ya wuce kashi 1000, har yau bai ƙare ba. Wane mai neman abinci ne zai zauna ya kalli wannan? Shi ya sa ni da sharhin waɗanda suka kalla nake aiki, kuma ina so in faɗa a fili, mutanen nan suna yi mana babban aiki ba wanda ya biya su ko dala.

Akwai wani yaro a fadarmu ta Birni, ɗalibi ne a Jami'ar André Salifou. Yana da wani tsohon littafin rubutu, bangonsa duk ya sha ruwan shayi, a ciki yake rubuta duk abin da ya kalla. Kowane labari shafi guda: kashi nawa ne, a kan me yake, wa ya dace ya gani, da wurin da ba za ka so mahaifiyarka ta shigo ta tarar da kai kana kallo ba. Wannan layin na ƙarshe da jan biro yake rubuta shi. A shafin L'Attaque des Titans ya rubuta cewa tun a kashi na farko ake cinye wata uwa a gaban idon ɗanta, kada a ba ɗan firamare. A shafin Death Note ya ce kashi 37 ne kawai, jini bai yi yawa ba, amma labarin saurayi ne da ya tsinci littafin da in ka rubuta sunan mutum sai ya mutu, har girman kai ya kai shi yana ganin shi ke da ikon yanke wa duniya hukunci. Ya ce wannan ya fi jini nauyi a kan ƙaramin yaro. Na yarda da shi.

Abin da ya kawo ni ga shi. Wata Hajiya maƙwabciyarmu ta zo da waya, ta ce in zuba wa ƴarta mai shekara tara zane, ko wanne ne, ai duk na yara ne. Nan matsalar take. Iyaye da yawa a garin nan da sun ga zane sai hankalinsu ya kwanta, alhali wani zanen ko babba sai ya kau da kai. Ɗalibin namu ya tafi hutu, littafin yana wurinsa, na ce mata ta ba ni zuwa Juma'a.

To, tambayata biyu ce. Me kuke dubawa a sharhi kafin ku yarda da mai shi? Kuma me za ku ba yarinya mai wannan shekarun da zuciya ɗaya?

Mushen Sabon Gari:

Wa alaikumus salam ƙanena. Allah ya yi maka albarka da ba ka zuba mata abin da hannunka ya fara kaiwa ba.

Mu ne muka fara cin karo da abin nan, ba mu ma san daga Japan yake ba. A kaset muka gan shi, a gidajen bidiyo, da muryar Faransanci, muka ɗauka na Faransa ne. Daga baya na gane ta inda ya biyo: tashar TF1 tana da wani shirin yara, Club Dorothée, daga 1987 zuwa 1997, shi ya watsa Dragon Ball da ire-irensa, daga can suka gangaro ƙasashenmu. Sangoku muke ce wa jarumin Dragon Ball ɗin. Olive et Tom kuwa, zanen ƙwallon ƙafa, wanda ƴan wasa za su yi ta gudu a fili har kashi ya ƙare ba su kai raga ba, shi ya sa da yawa cikinmu muka riƙa buga ƙwallon tsumma har magariba. Da aka ce Akira Toriyama, mai Dragon Ball, ya rasu a watan Maris na 2024, abokaina masu furfura sun kira ni a waya.

Game da tambayarka ta farko, ni malamin makaranta ne, na san maki ba ya faɗin komai shi kaɗai. Mai sharhin da zai ce maka ya ba abu 18 cikin 20 ya yi shiru, bai taimake ka ba. Wanda nake yarda da shi shi ne mai gaya maka wa aka yi wa labarin tun asali. A Japan yawancin labaran nan a mujallu suke fara fitowa, kuma kowace mujalla da masu karatunta: akwai ta samari matasa, akwai ta ƴanmata, akwai ta manya. Dragon Ball a 1984 ya fara fita a Shonen Jump, mujallar samari ce. Shi ya sa za ka ga tsohon nan Tortue Géniale da halinsa na bin mata da kallo. Mu mun yi dariya a lokacin, amma yau ba zan miƙa wa ƴata ƴar shekara tara ba.

Sannan ina da wani ƙorafi a kan matasanmu masu sharhi. Sun san sunan kowane mai zane a Tokyo, amma ka tambaye su Moustapha Alassane sai su yi tsuru. Mai shirya fim ne ɗan ƙasar nan tamu Nijar, an haife shi a 1942, ya rasu a 2015, ya daɗe zaune a Tawa. Ya yi aiki da Jean Rouch, Bafaranshen nan mai shirya fim, ya je Kanada ya ƙaro sani wurin Norman McLaren, gwanin zane mai motsi. Tun 1966 ya yi Bon Voyage Sim, ɗan gajeren zane na shugaban ƙasar kwaɗi da ya tafi ziyarar aiki. Yana da wani kuma, Kokoa, inda dabbobi ke kokawa irin tamu ta gargajiya. Ɗalibin naku ya ware masa shafi a littafin nan, ya cancanta.

Ƴar Jinya:

Yaya Mai Caji, ka ba ta Mon voisin Totoro. Na Hayao Miyazaki ne, ya fito a 1988, bai kai awa ɗaya da rabi ba, ba faɗa ba mugu. Yara mata biyu ne da babansu suka koma ƙauye don su kusanci asibitin da mamarsu ke kwance. Ƙaramar ta ɗauki masara guda ta kama hanya ita kaɗai za ta kai wa uwar don ta warke, ta ɓata, ƙauye duka ya fito nema. Duk yarinyar da ta taɓa ganin an kwantar da mamarta za ta gane wannan ba sai an fassara mata ba. Abu ɗaya ka gaya wa Hajiya tun da wuri: akwai wurin da uban da ƴaƴan suke wanka tare a kwamin wanka. A can al'ada ce, ba wani abu ake nufi ba, amma a gidajenmu za a ɗaga gira. Mai sharhin da ba ɗan nan ba yana iya wuce wurin bai ambata ba, don shi bai dame shi ba. Ka ga amfanin mai sharhi wanda ya san tsakar gidanmu.

Amma ka yi hattara da ɗan'uwansa. Rana ɗaya aka fitar da su a sinima, gidan zane ɗaya, Studio Ghibli, har masu tura fim sukan haɗa su a jaka guda. Sunansa Le Tombeau des lucioles, na Isao Takahata. Labarin yaro ne ɗan shekara 14 da ƙanwarsa ƴar shekara 4 a birnin Kobe a 1945, bayan jiragen Amurka sun ƙona garin, uwarsu ta mutu. Suka zauna wurin wata gwaggo, abinci ya yi ƙaranci, baƙar magana ta yi yawa, yaron ya ɗauki ƙanwarsa suka koma wani kogo a bakin ruwa.

Ni a sashen yara masu tamowa nake aiki. Ban taɓa ganin fim, na zane ko na mutane, da ya nuna ciwon nan daidai kamar wannan ba. Ƙuraje a baya, gudawa da ba ta tsayawa, yarinyar da ta daina kuka ta daina neman abinci, ta kwanta kawai tana kallo. Akwai ɗan gwangwanin alewa da take riƙewa, da alewar ta ƙare sai yayan ya zuba ruwa a ciki ya girgiza ya ba ta ta sha zaƙin da ya rage. Ya kai ta wurin likita, likita ya ce abinci take buƙata, shi ke nan, bai ba shi komai ba. Wanda ya ga yunwar 2005 a ƙasar nan ya san wannan tsayuwar a gaban likita. Na kalla tare da innata, wadda ba ta jin Faransanci ko kaɗan, tun kafin a kai rabi ta ce yarinyar nan ba za ta tashi ba, ta ga idonta.

Babba ya kalla, ya kamata ma ya kalla. Yarinya ƴar tara, a'a. Sharhin kirki a wurina shi ne wanda ya raba waɗannan biyun, ko da zanensu iri ɗaya ne.

Auta na Garin Malam:

Haba Anti, ai kin ba da labarin duka! Ni abin da ya fi ɓata mini rai ke nan, mai sharhi ya gaya maka wanda zai mutu. Yaya Mai Caji, ni wanda nake so shi ne mai cewa tsallake nan, kalli nan. Misali Naruto na farko, daga kashi na 136 zuwa kusan ƙarshe ciko ne kawai, ba ya cikin asalin littafin, an yi shi ne don a jira marubucin ya yi gaba. Wanda ya gaya maka haka ya cece ka daga ƙona kuɗin intanet da cika kati a banza.

Ƴar Jinya:

Auta, fim ɗin da kansa da mutuwar yaron yake buɗewa, tun minti na farko ka san ƙarshensa. Kuma in don a kare yaro ne, gara uwa ta ji labarin duka kafin ta danna.

Malam na Islamiyya:

Malam Mai Caji, Allah ya saka da alheri. Ni ba na cikin masu cewa a hana yara gaba ɗaya, don in ka hana a gida za su gani a wayar aboki ba tare da mai yi musu bayani ba. Amma akwai ɓangaren da ban ji kowa ya taɓo ba, shi ne aƙida.

Mutanen Japan suna da addininsu na gargajiya, Shinto, wanda a cikinsa dutse da kogi da itace kowanne yana da abin bauta. Wannan yana cikin labaransu kamar yadda gishiri yake cikin miya, ba ka ganin sa amma yana ko'ina. Le Voyage de Chihiro, wanda ya ci kyautar Oscar a 2003, kusan gaba ɗayansa a gidan wankan irin waɗannan halittu yake gudana, iyayen yarinyar kuma aka mayar da su aladu saboda kwaɗayi. Akwai darasi mai kyau a ciki, na haƙuri da aiki da ƙin haɗama. Sai dai kyautar da aka ba shi ba ta amsa tambayar da ɗanka zai yi maka ba in ya ce, Baba, wannan allan kogi ne? Ko Totoro da ƴar'uwarmu ta ambata, akwai inda uban ya kai yaran gaban wani babban itace suka rusuna suna godiya. Ba na cewa kada a ba yarinyar. Ina cewa uwarta ta zauna kusa, in an zo wurin ta ce mata haka su suke yi, mu ga Wanda muke yi wa godiya.

Larabawa sun daɗe da lura da wannan. Tashar Spacetoon, wadda ta fara a 2000, yawancin zanenta a Siriya aka sa musu muryar Larabci, ana yanke tsiraici, ana sauya kalmomin da suka shafi alloli da giya. Olive et Tom na Mushe, su Kyaftin Majid suke ce masa. Wasu masoya suna jin haushin yankan, suna cewa an ɓata labari. Ni a matsayina na uba na fi samun natsuwa da shi, ga kuma Larabci mai kyau yana shiga kunnen yaro.

Mai Cajin Dole:

Na gode ƙwarai, kowa ya ba ni abin da ban da shi. Mushe, zan isar wa ɗalibinmu saƙonka da ya dawo, kuma in kana da Bon Voyage Sim a wayarka, don Allah ka biyo ta rumfa in kwafa, kyauta zan riƙa saka wa yara shi. Zan kuma roƙe shi ya riƙa karanta shafukan nan da Hausa ana ɗauka a murya, minti biyu-biyu, don yawancin iyayen da ke zuwa wurina ba sa karanta Faransanci.

Malam, saura tambaya ɗaya gare ka. Yaron da Larabcinsa bai wuce na aji uku a Islamiyya ba, zai iya bin na Spacetoon ɗin, ko sai an zauna ana fassara masa?