Oga yana ta maido min da shafin farko na rahotona, ina neman gyara

Ɗan Mabera ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina aiki da wani ƙaramin kamfani a nan Sakkwato da ke haƙa rijiyar burtsatse da gwajin ruwa. Wata ƙungiya ta ba mu aikin duba rijiyoyin da ake sha a wasu ƙauyukan fadama, gefen gulbin Rima, kafin ta yanke inda za ta zuba kuɗinta. Ni na ɗebo ruwan, ni na kai ɗakin gwaji cikin kula da ƙanƙara, ni kuma na rubuta rahoton, har da taswira da jadawali. Oga bai taɓa komai a cikin rahoton ba. Shafin farko kawai yake zagayewa da jan biro, ya rubuta a gefe: "To, sai me?" Na tambaye shi, ya ce in sake karantawa zan gani. Na karanta har na haddace.

Ga abin da na sa a shafin:

"Ruwa abu ne mai muhimmanci ga rayuwar ɗan Adam. Wannan rahoto ya yi nazari a kan ingancin ruwan rijiyoyi a yankin. An tattara samfura, an gwada su ta hanyoyin da aka saba. An gabatar da sakamakon a babi na huɗu, an kuma tattauna shi. A ƙarshe an bayar da shawarwari."

Haka muka rubuta tsakuren kundinmu, wato taƙaitawar da ake sa wa a farkonsa, a makaranta, ba wanda ya ce uffan. Ina matsalar take? Ranar Litinin za a miƙa.

Injiniya Gwiwa ya amsa:

Wa alaikumus salam. Ɗana, ogan naka ya kyauta maka, wani da kansa zai gyara ya bar ka cikin duhu.

Ɗauki jimlolin nan biyar, cire kalmar "ruwa", ka sa "siminti". Sai ka ga sun zauna daram bisa rahoton masana'antar siminti ta Kalambaina. Abin da ya dace da kowane rahoto bai faɗi komai bisa naka ba. Ka zama dillalin albasa da anka tambaya ya kayan suke, ya ce buhu ne, an ɗinke bakinsa, kuma akwai albasa ciki.

Tuna wanda zai karanta. Shugaban ƙungiya ne, wataƙila cikin mota, a waya, tsakanin taro da taro. Babi na huɗu ba zai gan shi ba har abada. Shina son ya sani: ruwan nan na shawuwa? In ba ya shawuwa, waɗanne rijiyoyi, kuma mi za a yi? Kar ka kawo mana alkalumanka nan, aikin amana ne. Bari in ƙirƙiro na misali:

"Daga rijiyoyi 20 da anka gwada a watan Afrilu, an sami E. coli, ƙwayar cutar da ke nuna najasa ta shiga ruwa, a 13, alhali ƙa'ida ita ce kada a same ta ko kaɗan cikin mililita 100. Rijiyoyi 4 kuma naitiret ɗinsu, wani sinadari da ake samu cikin taki, ya haura miligiram 50 a lita, iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya da ƙa'idar ruwan sha ta Najeriya sunka sa. Duka huɗun suna tsakiyar gonakin da ake zuba wa takin zamani. Shawararmu: a yi wa masu ƙwayar cuta dakali da murfi a sa kulorin, huɗun nan kuma a daina ba jarirai ruwansu har a samar da wata rijiya."

Ka lura na raba matsalolin biyu, kuma da gangan na yi. Ƙwayar cuta tafasawa na kashe ta. Naitiret ba haka ba ne, in an tafasa ruwan sai tururi ya tafi ya bar shi ya ƙara kauri, kuma jariri ɗan ƙasa da wata shida shi ya fi cutuwa, don naitiret na hana jini ɗaukar iska yadda ya kamata. In shafin farko bai faɗi wanga ba, wanda ya tsaya nan zai je ƙauye ya ce "ku dafa ruwa, shi ke nan", ko da ka bayyana komai a can tsakiyar rahoto.

Wancan layi na "ruwa abu ne mai muhimmanci" kuma ka share shi. Mutumin da ya biya kuɗi a gwada ruwa ya riga ya sani.

Maman Nana Arkilla ta amsa:

Baba Injiniya ya gama magana a kan wannan rahoton. Ni dai ina duba kundayen ɗalibai, don haka bari in taɓo inda ka ce haka kuka yi a makaranta. An bar ku ne don mai dubawa kundaye sun yi masa yawa, ba don daidai ba ne.

Amma kar ka haɗa abu biyu. Tsakuren kundi ko na maƙalar mujalla daban yake da taƙaitaccen bayanin da ake yi wa shugabanni. Tsakure galibi sakin layi ɗaya ne, kalmomi 150 zuwa 250, sai dai in mujallar ta faɗi nata adadin. Mai karanta shi ɗan'uwanka ne mai bincike, ya ci karo da shi a shafukan neman maƙalu irin su Google Scholar ko AJOL ko PubMed, yana son ya san ko ya ɓata datarsa ya sauke maƙalar. Shi dole ka gaya masa yadda ka yi gwajin, domin da hanyar zai auna ko ya yarda da kai. Shi ya sa tun 1987 wasu mujallun likitanci suka fara tilasta a tsaga tsakure gida-gida: manufa, hanya, sakamako, kammalawa. Da wannan tsari ba ka da wurin ɓuya, gidan sakamako sai ka sa sakamako. Shi kuwa na shugabanni zai iya cin shafi guda ko biyu, hukunci ne a gaba, hanyar gwaji layi ɗaya ta ishe ta.

Inda suka haɗu: kowanne ya tsaya da ƙafarsa. Ba "duba jadawali na uku", ba gajerun haruffan da ba a warware ba, ba wata magana da babu ita a cikin rahoton. Kuma a ƙarshe ake rubuta shi. Idan ka gama, buɗe jadawalinka ka bi alkaluman ɗaya bayan ɗaya da yatsa. Sau da yawa ɗalibi kan gyara babi na huɗu ya manta tsakure, sai ka ga lamba biyu suna musu da juna a kundi ɗaya.

Abu guda zan ƙara a misalin Baba. Ya ce Afrilu, to a faɗa a fili cewa gwajin rani ne. Rijiyar fadama ba ta da zurfi, abin da ke cikinta a tsakiyar zafi ba shi ne a cikinta a Agusta ba. Waɗanda suka ga ambaliyar 2010, wadda ta cinye gadar hanyar Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, sun san abin da ruwa ke kwasowa ya zuba a rijiya. Jimla ɗaya ta wadatar: ba a gwada da damina ba, ana bukatar a maimaita.

Bash Kwannawa ya amsa:

Ni fa ina da ja, da girmamawa. Ku kuna magana kamar takarda za ta tsaya a ofis. Shafin farkon nan shi ake ɗauka a hoto a watsa a WhatsApp. Gobe uban ƙasa ya ji an ce rijiyar garinsa guba ce, wa zai amsa kira? Wannan yaron. Wani lokaci lulluɓe maganar da ake yi ba jahilci ba ne, kare kai ne.

Sannan abokina, me zai hana ka zuba rahoton a ChatGPT ya taƙaita maka? Minti ɗaya ne.

Injiniya Gwiwa ya amsa:

Bash, tsoronka na da tushe, amma maganinsa ba ɓoye sakamako ba ne. Sunayen garuruwa su koma cikin jadawali, shafin farko ya ɗauki adadi kawai. Kalmar "guba" kuma kai ka kawo ta, mu cewa munka yi ya haura iyaka, ga lamba ga ƙa'ida. Kuma kafin takarda ta fita, ƙungiyar ta je ta gaida uban ƙasa ta gaya mai baki da baki. Wagga ba aikin yaron ba ce, amma ya iya tuna wa oganai.

Na'urar kuma ban hana ba, tana gyara jimla. Sai dai ta kan ba kowane babi rabonsa daidai wa daida, ba ta san rijiyoyi huɗun nan sun fi sauran shafukan nauyi ba. Kuma a tambayi masu aikin tukuna kafin a ɗora bayanansu a intanet.

Ɗan Mabera ya amsa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na zauna bayan isha'i na sake shi. Yanzu jimlar farko sakamako ce, na raba masu ƙwayar cuta da masu naitiret, na sa maganar rani kamar yadda Malama ta ce. Da na bi alkaluman da yatsa komai ya yi daidai. Ya kai kusan shafi ɗaya. Tambaya ta ƙarshe, ranka ya daɗe: kiyasin kuɗin gyaran yana can shafi na ƙarshe, in bar shi can ko in ɗauko shi?

Injiniya Gwiwa ya amsa:

Ɗauko shi. Jimillar kawai, kusa da kowace shawara, ka kuma rubuta watan da ka yi kiyasin, don farashin siminti da bututu ba ya zama wuri ɗaya. Filla-fillar ta zauna inda take. In wuri ya ƙare maka, rage bayanin yadda ka ɗebo ruwan.