Manhajar gyaran bidiyo: CapCut ko DaVinci Resolve don bidiyon biki?

Mai Kamara: Salamu alaikum ƴan'uwa. Situdiyo ƙarami a Maradi, aikin biki da suna, kwamfuta mai RAM (ma'ajiyar wucin gadi da take aiki da ita) giga 8. CapCut ya isa, ko a koma na ƙwararru irin su DaVinci Resolve?

Ɗan Zariya: Wa alaikumus salam. In yanka ne da sa rubutu a tura WhatsApp, CapCut ya wadatar. Resolve na son giga 16 da katin hoto (ɓangaren kwamfuta mai sarrafa hoto) mai ƙarfi, a giga 8 hoto zai riƙa sarƙewa. In dole ne, yi ƙananan kwafi masu sauƙi na bidiyon ka yi yankan da su, wajen fitarwa ya koma kan na asali.

Malam Na Tibiri: Amfanin Resolve yana wajen gyaran launi da daidaita bidiyon kamara biyu ta hanyar sautinsu. Akwai na kyauta, na kuɗin kuwa, Studio, sau ɗaya ake biya, ba kamar manhajar Premiere Pro mai kuɗin wata-wata ba. Amma a kula da bidiyon waya: yawan hotunansa a daƙiƙa ba ya tsayawa wuri ɗaya, sai ka ga bakin maroƙi ya riga muryarsa. Fara wuce shi ta HandBrake, manhajar sauya tsarin bidiyo, ka tsayar da shi a hoto 30 a daƙiƙa.

Ɗan Zariya: Gaskiya ne Malam. Kuma ka kunna ajiyar kai-tsaye, saboda ɗaukewar wuta.