Neman shawara: in cire turbo biyu na RX-7 in ɗaura babba guda ɗaya?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da Mazda RX-7 ƙirar 1993, mai turbo biyu. Idan na taka totur tana tashi lafiya lau, amma da allurar juyin inji ta kusa 4,500 sai ta ɗan yi sanyi, sannan ta sake fizga. Kwanan nan kuma fizgar ta biyun wani lokaci ta zo, wani lokaci shiru. Bakanikena ya ce in daina wahalar da kaina, a cire biyun a ɗaura babba guda ɗaya. Ni kuwa ko yadda biyun suke raba aiki ban gane ba, balle in yanke hukunci. Masana a taimaka.

Amsa ta farko:
Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Abu biyu ka haɗa, ɗaya ba ciwo ba ne, ɗayan ne ciwon.

Turbo farfela biyu ce a kan sanda ɗaya. Hayaƙin da inji ke fitarwa shi ke juya ta ɓangaren salansa, ta ɗaya ɓangaren kuma ta danna iska cikin inji, tana juyi sama da 100,000 a minti. Iska ta yi yawa, a ƙara fetur, ƙarfi ya ƙaru. To amma babban turbo sai ya sami hayaƙi mai yawa kafin ya farka, shi ne jinkirin da ake ji bayan an taka totur. Ƙarami nan da nan yake farkawa, sai dai numfashinsa ya ƙare idan inji ya hau sama.

Mazda ta warware wannan da tsarin bi-da-bi. Idan juyin inji na ƙasa, hayaƙin duk turbo na farko yake tafiya, na biyu na rufe. Kafin a kai 4,500 sai wani bawul ya fara tsarga wa na biyun hayaƙi don ya ɗauki gudu, sannan a buɗe masa hanya gaba ɗaya su haɗu. Wannan ɗan sanyin da kake ji, lokacin miƙa hannun ne, haka aka ƙera ta. Porsche 959 ta 1986 da Toyota Supra mai injin 2JZ-GTE duk bi-da-bi ne.

Amsa ta biyu:
Malam ya gama bayani, ni a kan ciwon zan tsaya. Ɗaga murfin da ke saman injin ka leƙa: ƙananan tiyo ne na roba a cukurkuɗe kamar saƙar gizo-gizo, su ne ke kai iska ga bawul-bawul ɗin da ke buɗe wa turbo na biyu. Injin RX-7 ba mai fistin ba ne, mai juyawa ne, kuma zafinsa ba wasa ba. Shekara talatin robar nan tana gasuwa. Ka matsa ɗaya da yatsa, in ka ji ya ƙandare ko ya tsage a baki, ka sami ɓarawonka. Tiyo ɗaya tak ya isa ya hana na biyun tashi.

Kafin a kwance komai a sa agogon awon matsin iska. Lafiyayya tana ba da kusan psi 10 (ma'aunin matsin iska ke nan), ta sauka 8 a wajen 4,500, ta koma 10. In ta sauka ta ƙi komawa, a bi tiyo da bawul ɗin lantarki ɗaya bayan ɗaya. Aiki ne na haƙuri, shi ya sa wasu ke gudunsa.

Amsa ta uku:
Ni dai ina bayan bakaniken nan. Masu tsere da yawa da ke da RX-7 da Supra guda ɗaya suke komawa. Tarkace ya ragu, zafi ya ragu, ƙarfin sama kuma ba a magana.

Amsa ta biyu ta dawo:
Gaskiya ne Oga, amma ka faɗa masa sauran. Sai an sake saita kwamfutar inji, a canza famfon mai da injekta, galibi har da na'urar sanyaya iska. Idan mai ya yi ƙaranci a kan iska, injin nan ba ya yafiya, ƙarafan da ke toshe bakin rota, wato abin da ke juyawa a cikin injin, su ne ke karyewa. Kuma a tuƙin yau da kullum zai rasa tashin ƙasa-ƙasan nan da yake yabo.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai. To me ya sa ba na jin masu Nissan GT-R na wannan kuka, alhali su ma biyu ne?

Amsa ta farko ta dawo:
Nasu kafaɗa-da-kafaɗa suke aiki. Injin GT-R ƙirar R35, wadda aka daina ƙerawa a 2025, V6 ne mai lita 3.8, kowane turbo da silinda ukunsa, tare suke tashi tare suke sauka, babu miƙa hannu balle a sami giɓi. Haka Maserati Biturbo ta zo da shi tun 1981. In kana hawa filin tsere ne, shawarar bakanikenka abin dubawa ce. In ba haka ba, canza tiyon duka zuwa na siliko, a gwada bawul ɗin, sannan bayan gudu mai zafi ka bar inji ya yi minti ɗaya ko biyu yana aiki a tsaye kafin ka kashe, kada baƙin mai ya ƙone a kan sandar turbo.