Wane antibairus na kyauta ya dace da kwamfutar gida?

Mai tambaya, Garwa:
Salamu alaikum 'yan'uwa. Kwamfutar gida ce, tana da Windows 10 da RAM giga 4. Ta zo da McAfee na gwaji, wa'adinsa ya ƙare. Yara suna kai filash shagon buga takardu, in sun dawo sai a ga fayiloli sun koma gajerun hanyoyi masu 'yar kibiya. Wanne zan saka, Avast ko Smadav, ko duka biyun? Data kuma tsada gare ta.

Mai gyara, Marwa:
Wa alaikumus salam. Malam, kafin ka saka komai, cire McAfee ɗin nan. Wanda wa'adinsa ya ƙare ba ya samun sabbin bayanan bairus, ga shi yana cin RAM. Ka cire shi ta Paramètres (wato saituna, a Windows na Faransanci), Applications, sannan ka bi da MCPR, manhajar gogewa ta kamfanin, ka kashe kwamfutar ka kunna.

Daga nan Microsoft Defender, wanda yake cikin Windows tun asali, zai karɓi aiki da kansa. A RAM 4 shi kaɗai nake ba da shawara. Buɗe Sécurité Windows, Protection contre les virus et menaces, Gérer les paramètres. Ka tabbata abubuwa uku suna kunne: Protection en temps réel, kariyar da ke ta intanet, da Protection contre les falsifications. Wannan na ukun shi ke hana bairus kashe Defender ta bayan gida, kuma mutane da yawa ba sa duba shi. Sai ka sauka wajen Exclusions. In mai saka maka Windows ya ware wani folda ko dukan faifan C don manhajar sata ta yi aiki, goge wannan keɓewar, domin duk abin da ke ciki Defender ba ya leƙa shi.

Kada ka haɗa antibairus biyu masu gadi a lokaci guda. Kowanne zai riƙa kama fayil ɗin da ɗayan ke dubawa, kwamfutar ta yi nauyi.

Malamar kwamfuta, Ngaundere:
Na yarda da bayanin mai gyara na Marwa. Game da filash ɗin, fayilolin ba su ɓace ba, bairus ɗin ɓoye su ya yi ya ajiye gajerun hanyoyi a madadinsu. Danna ɗaya kawai ya isa ya shiga kwamfutar, don haka kada kowa ya buɗe su. A soka filash, a danna dama a kansa, a zaɓi bincike da Defender. Bayan ya gama, a buɗe cmd, wato tagar rubuta umarni ta Windows, a rubuta, idan harafin filash ɗin E ne:

attrib -h -r -s /s /d E:\*.*

Fayilolin za su bayyana, sai a goge gajerun hanyoyin da duk wani baƙon fayil mai ƙarewa da .vbs. In sun sake dawowa, to bairus ɗin yana cikin kwamfutar ne. A yi Analyse hors ligne ta Defender: kwamfutar za ta sake tashi ta yi bincike kamar na minti 15 kafin Windows ya buɗe. A tabbata batir a cike yake saboda ɗauke wuta.

Mai gyara, Kusseri:
Kan batun data: in ka sa layinka a Connexion limitée, wato tsarin taƙaita cin data, sabunta Defender na iya tsayawa ba ka sani ba. Ka riƙa duba ranar sabuntawa ta ƙarshe kowane mako. Akwai kuma fayil na sabunta Defender mai suna mpam-fe.exe a shafin Microsoft. Ka sauke shi inda ake da intanet mai sauƙi, ka kawo a filash mai tsabta ka danna shi. Ka zaɓi na 64-bit ko na 32-bit daidai da Windows ɗinka.

Avast yana kama bairus, amma yana damun mutum da tallan sigar kuɗi, kuma a 2024 hukumar FTC ta Amurka ta ci tararsa dala miliyan 16.5 kan sayar da bayanan shafukan da masu amfani da shi ke ziyarta. Ka kuma sani Microsoft ya daina tallafin Windows 10 na yau da kullum tun 14 ga Oktoba 2025, don haka ka duba ko kwamfutar za ta ɗauki Windows 11.