Wai Afirka ce ke da rabin hayaƙin gobarar dajin duniya?

Baban Ihsan: Jama'a, abin nan ya ishe ni. Masu lissafin GFED, wato rumbun bayanan hayaƙin gobara na duniya, sun ce daga 1997 zuwa 2016 gobarar daji a duniya tana sakin kabon kimanin tan biliyan 2.2 duk shekara, wai kusan rabi daga Afirka. Mu da ko wutar lantarki ba ta ishe mu ba! Masu ƙona kwal da fetur suna can, mu ake ɗora wa laifi. Wa ya zo ƙauyenmu ya auna?

Malam Tsoho: Ɗana, gyara bakinka. Gobara ita ce wadda ta tashi ba da son kowa ba, irin ta kasuwa. Wadda ake cinna wa daji da hunturu ƙunar daji ce.

Ɗan Gwale: Ranka ya daɗe, in ta cinye maka rumbu sai ka tsaya tambayar sunanta?

Uwar Biyu: Mu dai a Zariya duk gobara muke cewa.

Ɗan Gwale: Hajiya, yaushe Bazazzagi ya fara koya wa Bakano Hausa?

Injiniya: Ku bari mu koma kan magana. Ba wanda ke auna hayaƙin da mudu. Tauraron ɗan adam yana hango baƙin tabon da wuta ta bari, a lissafa faɗinsa da yawan ciyawa da itacen wurin da kason da ya ƙone, sai a ƙiyasta kabon. Matsalar, ɗigo ɗaya a hoton MODIS, na'urar tauraron da aka saba aunawa da ita, fili ne na hekta 25, wutar 'yar gonarka ba ta fitowa. Da aka sake duba Afirka kudu da Sahara ta 2016 da wani tauraron, Sentinel-2, mai gani har mita 20, wurin da ya ƙone ya haura na MODIS da kusan kashi 80 cikin ɗari. Wato rage mana aka yi, Baban Ihsan, ba ƙari ba. Sai dai ciyawa tana sake tsirowa da damina ta shanye mafi yawan kabon ɗin, fetur kuwa ba ya komawa rijiya.

Baban Ihsan: Kai dama kullum bayan Turawa kake.

Malam Tsoho: Kun ji ko? "Wurin da ya ƙone" ya ce. Ƙuna ke nan.

Manomi Sak: Ko me sunanta, makiyaya ne ke cinnawa don sabon tofo.

Jikan Arɗo: Ka ji tsoron Allah. Wa zai ƙone abincin shanunsa ana fuskantar rani? Ka tambayi masu farautar gafiya da masu sharar gona irinka.

Manomi Sak: Irina? Ka janye wannan kalmar.

Uwar Biyu: To Malam, Kanada da ta rasa dajin hekta kusan miliyan 15 a 2023 fa, ƙuna ce ko gobara?

Malam Tsoho: Gobara ce, Hajiya, tunda tsawa ce ta tayar da mafi yawanta.

Ɗan Gwale: Wato ta Bature gobara, tamu ƙuna. Madalla.

Shugaban Zaure: A taƙaice, an tabbatar Malam ya yi daidai, ƙuna daban gobara daban, kuma Ɗan Gwale ya koyi magana da manya. Manoma ba su da hannu, ni ma manomi ne, na sani. Bayanin Injiniya ya yi tsawo, mai lokaci ya karanta.

Baban Ihsan: Ni fa tambayata?

Shugaban Zaure: An kira la'asar. Na rufe.