Katakon gicciye da ɗinkakken daɓe: sunayen da nake ba da shawara

Jama'a, ku taya ni neman suna. Akwai katakon da Turawa ke taƙaita sunansa da CLT, wanda aka fara haɗawa a Ostiriya da Jamus a shekarun 1990. Falankaye ake jerawa hawa uku, biyar ko bakwai, kowane hawa ya gitta na ƙasansa, a manne su da gam a matse, ya fito faskeke mai kauri da ake shimfiɗa daɓen bene da shi.

Na fara tunanin "haɗaɗɗen katako", sai na ga ya yi faɗi, kowane katako da aka manna zai shiga ciki. "Katakon saƙa" ya fi daɗin ji, amma ba saƙa shi ake yi ba. Na tsaya a kan "katakon gicciye", domin gicciyewar ce sirrinsa: katako na da ƙarfi ta tsawonsa, rauninsa na ta faɗi, in an gitta su sai wannan hawa ya rufa wa wancan asiri.

Inda na fi damuwa shi ne daɓen da ake ɗora wannan katako a kan bim na ƙarfe, wato dogon ƙarfen da ake gittawa don ya riƙe bene. Ku ɗora falanki biyu, ku taka tsakiya, ku dubi bakinsu: na sama na zamewa a kan na ƙasa. Ku manne su tsaf, taurinsu ya ninka huɗu. Haka nan in an ɗaure katakon da ƙarfen da kusoshi masu zare, sai su lanƙwasa tare, katako ya ɗauki matsi a sama, ƙarfe ya ɗauki ja a ƙasa. Wannan nake kira "ɗinkakken daɓe". Wanda aka aza kawai kuwa "ɗorarren daɓe" ne, kuma wallahi bai kamata suna ɗaya ya haɗa su ba, tunda lissafin injiniya ya bambanta.

Rashin nauyin katakon gicciye, kusan kashi ɗaya cikin biyar na kankare, shi ke sa daɓen ya riƙa rawa in ana tafiya a kai. Hasumiyar Mjøstårnet ta Norway, ginin katako mai hawa 18, da aka kammala a 2019, sai da aka zuba kankare a benayenta na sama don ƙarin nauyi saboda iska.

Wannan rawar ce ban samo mata suna ba tukuna. "Girgiza" ta yi tsanani, "karkarwa" kuma ta fi kama da ta jikin mutum. Magina da kafintoci, me kuke ce mata a bakin aiki?